Hokin ƙanƙara a PS4 ko ƙananan wasannin waya: wanne ya cancanci lokacin mutum?

Ɗan_Tudun_Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata biyu ke nan da na sayi PS4 ta hannu, mai ita ya haɗa min da kaset uku. Biyu na ƙwallon ƙafa ne, na ukun kuwa NHL 19, wasan hoki na kan ƙanƙara. Sati uku yana ajiye ban taɓa shi ba, don ko a talabijin ban taɓa zama na kalli wasan nan ba. Ran nan da daddare aka kawo wuta, ƙanina ba ya gida balle mu buga ƙwallo, sai na ce bari in saka in gani. Wallahi tun daga ranar ban koma kan sauran biyun ba. Gudun wasan ne ya kama ni. Babu jifa daga gefe, abin da ake bugawa ya daki katanga ya dawo a ci gaba, har ta bayan raga ake zagayawa.

Abin da ya sa na kawo maganar nan shi ne, kafin wannan duk ɗan sararin da na samu a waya nake ƙarar da shi: Candy Crush, Subway Surfers, Ludo. Da na waiwaya sai na ga shekara uku na yi ina shafa gilashi ban ƙaru da komai ba, alhali a sati biyar wannan kaset ya koya min wasan wata al'umma sukutum. Ni a ganina ƙananan wasannin waya cin lokaci ne kawai. Akwai mai ganin ba haka ba? Sannan masu sani su taimaka min da abu biyu. Me ya sa alƙali yake busa min duk lokacin da na doka abin daga bayanmu zuwa can ƙarshen fili? Kuma akwai irinsa mai kyau a waya? Wutar unguwarmu ba ta kai awa huɗu a rana.

Gola_Na_Ɗaya:
Wa'alaikumussalam. Ni ma na taɓa gwadawa a wurin abokina, amma ko ganin ƙwallon ba na iya yi saboda ƙanƙantarsa da gudu. Minti goma na ajiye hannun.

Bazazzagi_a_Kanada:
Ƙanina Ɗan_Tudun_Wada, ka faranta min rai da safiyar nan. Shekarata shida a Edmonton, garin da hoki ya zame musu kamar yadda ƙwallon ƙafa take a wurinmu, ko ma fiye. Bari in fara da busan da ke damunka. Sunan laifin aisin. Ka lura akwai jan layi mai kauri a tsakiyar fili. Idan ka doka fak, wato wannan baƙin faifan robar, tun kana ɓangarenku na jan layin, ya tafi har ya ƙetare siririn layin da ragar abokan hamayya take kai ba wanda ya taɓa shi, to za a busa, a dawo da wasa kusa da ragarku. A gasar NHL ma, wato babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada, ba za a bar ku ku canza 'yan wasa a wannan tsayawar ba, gajiyayyun nan su za su ci gaba. An yi dokar ne don kada ƙungiyar da aka matsa wa ta riƙa wurgar da fak tana cin lokaci. Wuri ɗaya aka yafe: idan an kori ɗan wasanku zuwa akwatin horo kun zama ba ku cika ba, to doka shi iya ƙarfinka, babu laifi.

Ɗayan busan da za ka riƙa ji shi ne satar gida, amma tasu ba irin tamu ba ce. Ba ruwansu da inda mai tsaron baya yake. Shuɗin layi ne ma'auni: dole fak ya riga kowane ɗan wasanku shiga yankin abokan hamayya. Shi ya sa za ka ga 'yan wasa suna jan ƙafa a bakin layin suna jiran mai ɗauke da fak ya wuce.

Ɗan_Tudun_Wada:
Allah ya saka da alheri Yaya. Ashe shi ya sa wani lokaci nake dokawa a ƙyale ni, wani lokaci a busa. Na ɗauka kaset ɗin ne ya samu matsala.

Malam_Mai_Alli:
Gyara kaɗan a kan suna. Mu da muka yi makarantar kwana a shekarun baya, ƙwallon gora muke cewa, kuma mun buga shi a fili da sanda mai lanƙwasa, mutum goma sha ɗaya kowane ɓangare. Wannan naku sai a ce ƙwallon gora na ƙanƙara. Kada mu bar sunan da muke da shi ya ɓace.

Zango_Kumasi:
Gaskiyar Malam. Mu nan Ghana na filin har yanzu ana yinsa sosai. Babban filin hoki na ƙasa da ke Accra sunan Theodosia Okoh aka sa masa, matar da ta zana tutar ƙasar. Amma na ƙanƙara kam sai a waya.

Nas_Mai_Aikin_Dare:
Ni maganar "ban ƙaru da komai ba" ce ta tsaya min. Ɗan uwa, kai kana da ɗaki da talabijin da awa biyu da za ka zauna ka koyi dokoki. Ni ina fitowa daga aikin dare ƙarfe takwas na safe, ƙafafuna sun kumbura, kaina cike da kukan majinyata da fuskokin 'yan uwansu. Idan na shiga adaidaita sahu, tafiyar minti ashirin da biyar ce zuwa gida. A nan nake buɗe Candy Crush. Ba ilimi nake nema ba a wannan lokacin, so nake kaina ya sauka kafin in shiga gida in tarar da yara, kada in sauke musu abin da na kwaso. Rai biyar wasan yake bayarwa, kowane ɗaya sai ya yi minti talatin kafin ya dawo. Yawanci kafin mu kai kwanar gidanmu sun ƙare, in jefa wayar a jaka. Ban taɓa sa ko kwabo a ciki ba. In wannan hutun ba ƙaruwa ba ne, to ban san sunan da za a ba shi ba.

Maman_Ilham:
Anti Nas kin faɗi abin da ke raina. Mu mata da wuya mu samu awa guda cur da babu mai kiran sunanmu. Wasan da za ka ajiye shi da zarar tukunya ta tafasa shi ne namu.

Ɗan_Tudun_Wada:
Anti ki yi haƙuri, ban yi nufin raina hutun kowa ba. Ni dai a kaina na gani, sai in ce minti biyar, in ɗago kai awa biyu ta wuce, kuma in an tambaye ni me na yi ba ni da amsa.

Mai_Gidan_Gem:
Bari in faɗi nawa ta fuskar sana'a. Shekara tara ina riƙe da gidan gem, talabijin shida. Na sha kawo sabon abu: kwando, dambe, tseren mota. Kwana biyu ake yi ana ɗoki, a koma ƙwallon ƙafa. Dalili a fili yake. Yaro ya biya kuɗin wasa ɗaya, so yake ya ɗauki Madrid ko Barcelona ya ci abokinsa a gaban jama'a, a yi ta maganar har gobe. Ba zai biya don ya zauna koyon shuɗin layi ba. Ga man janareta, kowane minti kuɗi ne a wurina. Don haka hokin nan abin mai na'ura a gida ne. Amma abin da ya fi rage min kasuwa ba wani gidan gem ba ne, waya ce. Yaran da a da suke layi a ƙofata yanzu suna bakin titi da Dream League da eFootball a hannunsu.

Baffa_Fagge:
Yaran nan kuna ganin kamar yau aka fara. A farkon shekarun 1990 wani yayanmu ya kawo mana irin na'urar nan mai kaset rawaya da ake hura wa iska in ya ƙi tashi. A cikin wasannin akwai Ice Hockey na Nintendo, wanda ya fito a 1988. Mutum huɗu kake zaɓa ban da gola, kuma iri uku ne: siriri mai gudu amma ana taɓa shi ya faɗi, ƙato mai nauyin tafiya amma in ya doka sai gola ya yi da gaske, da matsakaici. Ni ƙatti biyu nake ɗauka da sirara biyu. Ba mu san sunan ko doka ɗaya ba, ba mu san ma a duniya akwai masu yin abin da gaske ba, amma mun yi ta yi har maƙwabta suna leƙowa ta taga. Daga baya Nokia 3310 ta zo da wasan maciji, wanda shi ne farkon wasan waya da muka sani. Shi ma ya ci lokacinmu, kuma ga mu mun girma mun riƙe gidajenmu.

Injiniya_Sadauki:
Baffa ranka ya daɗe, ɗan gyara. Macijin ya riga 3310. A 1997 ya fara fitowa a Nokia 6110. Ita 3310 a shekarar 2000 ta fito, kuma Snake II ne a cikinta, wanda macijin ke shiga ta wannan bango ya ɓullo ta wancan. Ita ce dai ta yaɗu a hannun mutanenmu bayan zuwan GSM a 2001, shi ya sa muke ganin kamar da ita aka fara.

Baffa_Fagge:
Na karɓi gyara ɗana. Allah ya ƙara sani.

Injiniya_Sadauki:
Amin Baffa. Sai tambaya ta biyu ta mai zaren da ba a amsa ba. Irin wanda kake bugawa sak babu shi a waya. Ko a kwamfuta ma, NHL 09 ne na ƙarshe da EA Sports, kamfanin da ke yin wasan, suka fitar. Kuma ka sani, NHL 24 shi ne na ƙarshe a PS4, daga NHL 25 sai PS5 da sabuwar Xbox. A waya akwai Hockey All Stars, akwai Stickman Ice Hockey, akwai kuma Ice Rage wanda mutum biyu za su iya bugawa a waya ɗaya, kowa ya riƙe gefensa. Duk ba su kai zurfin na PS4 ba, domin daɗin wancan yana cikin sandar dama ta hannun gem: ka tura ta gaba ya zama bugun wuyan hannu, ka ja baya ka tura gaba ya zama bugun ƙarfi, ka kaɗa ta gefe da gefe ka yanke mai tsaron baya. Tun NHL 07 suka kawo wannan tsarin. Gilashin waya ba ya ba da wannan. Kada kuma a ruɗe ka da Glow Hockey, shi hokin tebur ne, wani abu daban.

Gola_Na_Ɗaya, kai kuma da ka ce ka kasa, shiga saiti ka zaɓi tsarin maɓallai na NHL 94. Maɓalli ɗaya bayarwa, ɗaya bugawa, shi ke nan. Za ka iya kashe satar gida da aisin ma har hannunka ya faɗa.

Gola_Na_Ɗaya:
To wannan kam zan gwada. Ashe akwai sauƙi aka bar ni da wahala.

Ɗan_Maraɗi:
Sannunku 'yan uwa. Mu nan matsalar kuran, wato wutar lantarki, ta sa salula ta fi komai. Amma abin da ke ɓata min rai a wasannin kyauta talla ce. Ka yi wasan sakan arba'in, a sa maka talla ta sakan talatin, wata ma ba ta dace yaro ya gani ba. Dabarata ita ce in rufe intanet kafin in buɗe wasan, in dai mai yi ba da intanet ba ne. Caji ma ya fi daɗewa.

Maman_Ilham:
Tunda an zo maganar yara, bari in ba ku abin da ya same ni bara, ko wata za ta tsira. Ɗana mai shekara tara yana karɓar wayata bayan Islamiyya ya yi wani wasan gina gari. Na taɓa sa katin bankina a wayar don sayen wata manhajar karatu, na manta ban cire ba. Ranar wata Laraba ina tsaka da tuƙa tuwo na ji saƙo yana shigowa, ɗaya, biyu, uku, har biyar. Hannuna duk gari, na ce bari in gama. Da na duba, naira dubu goma sha takwas ta fita, kuɗin da na ware na cefanen sati. Na kira shi, ya zo da murnarsa yana nuna min akwatin lu'ulu'u da ya "samu". Wallahi bai san kuɗi ba ne. Shi dai ya ga maɓalli mai walƙiya ya danna. Na rasa ma faɗan da zan yi masa, don laifin nawa ne da na masu tsara abin yadda yaro ba zai bambance kyauta da saye ba. Ku shiga saitin Play Store ku sa a riƙa tambayar kalmar sirri a kowane saye. Minti biyu ne.

Nas_Mai_Aikin_Dare:
Innalillahi. Allah ya mayar da alheri Maman Ilham. Yanzun nan na je na duba tawa.

Ɗan_Tudun_Wada:
Kun ga abin da nake faɗa ke nan. Kaset kuwa sau ɗaya ka saya, shi ke nan, babu mai bin ka da talla.

Ustaz_Abu_Hafsa:
A'a ɗan uwa, a nan kam ban bi ka ba. Buɗe kaset ɗin naka ka duba, akwai sashen da ake kira Hockey Ultimate Team, ɗan uwan wanda ke cikin FIFA. Ana sayen ƙunshin katunan 'yan wasa da kuɗi na gaske, ba ka san wanda ke ciki ba sai ka buɗe. Ka biya, ko ka dace ko ka yi asara. Ni ina ganin wannan ya yi kama da caca ƙwarai, kuma ba mu kaɗai muke ganin haka ba: a 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa irin waɗannan akwatunan sa'a da ake saya da kuɗi caca ne a dokarsu, har EA suka daina sayar da makin FIFA a ƙasar a farkon 2019.  Don haka rabon ba tsakanin waya da PS4 yake ba. A kowanne akwai wasan da ke barinka ka tashi, akwai wanda aka gina shi don kada ka tashi. Ni ma'aunina biyu ne, ga babba ga yaro: shin an kira salla ka ji nauyin ajiyewa? Shin kuɗi na fita a kan abin da ba ka san me za ka samu ba?

Bazazzagi_a_Kanada:
Ustaz ya yi gaskiya, na ga abokan aiki a nan da suka zuba ɗaruruwan daloli a katunan nan. Amma bari in ɗan tsaya wa ƙanina ta wani gefen, don ni shaida ne cewa gem ɗin nan yana koyarwa. Shekarata ta farko a nan na sha kaɗaici. A wurin aiki kowace safiya hirar wasan jiya ake yi, ni kuwa sai dai murmushi. Wani maƙwabcina ya ara min kaset, na yi hunturu guda ina bugawa. A nan na gane me ya sa ake canza 'yan wasa ana tsaka da wasa ba tare da an tsaya ba: gudun ya yi yawa, mutum ba ya wuce kamar sakan arba'in da biyar sai ya fita ya huta, wani ya tsallako katanga ya shigo. Na gane zagaye uku ne na minti ashirin ashirin, mutum shida kowane ɓangare har da gola, ƙaramin laifi minti biyu a akwati. Ranar da na fara sa baki a hirar ofis, wani dattijo da bai taɓa ce min fiye da sannu ba ya jawo kujera ya zauna kusa da ni.

Daga baya na je filin unguwa, irin wanda suke malala ruwa a waje sanyi ya daskarar da shi. Na ɗauki fak a hannuna. Girmansa kamar gwangwanin man goge takalmi, kaurinsa inci ɗaya, nauyinsa wajen giram 170, ga tauri kamar dutse, kuma kafin babban wasa a firiza ake ajiye shi don kada ya riƙa tsalle. Sai da na riƙe shi na fahimci dalilin da gola yake shiga cikin kaya kamar mai sulke. Na sa takalmin ƙarfen kuma na ga yara 'yan shekara biyar suna wuce ni kamar iska ina riƙe da katanga. Tun ranar nake girmama masu wasan nan.

A 2024 ina cikin garin lokacin da Oilers, ƙungiyar Edmonton, suka kai wasan ƙarshe na kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL. Florida ta ci uku na farko, Edmonton ta rama uku a jere, aka je na bakwai Florida ta ci 2 da 1. Washegari ko a cikin bas ba mai magana.

Zango_Kumasi:
Yaya Bazazzagi, akwai baƙaƙen fata a wasan kuwa? Ni duk hoton da na gani Turawa ne.

Ɗan_Tudun_Wada:
Akwai mana. Wanda ke jikin kwalin kaset ɗina ma baƙi ne, P.K. Subban.

Bazazzagi_a_Kanada:
Ƙwarai. Kuma abin da zai ba ku mamaki, ɗan Najeriya na farko da ya buga NHL a Zariya aka haife shi, a 1975. Sunansa Rumun Ndur, a Ontario ya tashi, ya fara da Buffalo Sabres. Ranar da na ji wannan sai da na kira gida na faɗa musu. Akwai Akim Aliu da aka haifa a Okene. Babbansu kuma Jarome Iginla, haifaffen nan Edmonton, mahaifinsa ɗan Najeriya ne. Ya daɗe yana kyaftin ɗin Calgary Flames, ya ci ƙwallo 625, kuma hotonsa ne a kwalin NHL 2003. A Afirka ma akwai masu yi, Kenya suna da ƙungiya a Nairobi da ake kira Ice Lions.

Malam_Mai_Alli:
Ikon Allah. Zariya da ƙanƙara. Wannan kam na ƙaru.

Gola_Na_Ɗaya:
To wace ƙungiya ya kamata sabon shiga ya ɗauka cikin ƙungiyoyi 32 na NHL?

Injiniya_Sadauki:
A kaset ɗinsa 31 ne, domin Seattle sai 2021 ta shigo. Ɗauki Edmonton saboda Connor McDavid, gudunsa kaɗai zai rufa maka asiri. Ko Washington, su ne suka ɗauki kofin 2018, kuma suna da Ovechkin, wanda a Afrilun 2025 ya karya tarihin Wayne Gretzky na yawan cin ƙwallo a NHL, wato 894. Ka tsayar da shi a da'irar hagu, ka ba shi fak ya doka kai tsaye ba tare da ya tare ba.

Hajiya_Damagaram:
Ni tsohuwa ce a cikinku, jikata ce ta sa ni a wannan zaure. Ina karanta ku tun ɗazu. Wannan na alewa da Nas take yi, da aka nuna min sai na ce ai dara ce aka yi wa kwalliya. Mahaifinmu a ƙarƙashin bedi yake haƙa gurabe talatin a ƙasa, kowa da 'ya'yansa goma sha biyu, wannan tsinke wancan tsakuwa, ka jera uku ka ci ɗaya na abokinka. Jera uku dai, ba wani abu ba. Bambancin, dara da mutum ake yinta. Ana yi ana hira, ana tsokana, wanda ya zo wucewa ya tsaya ya ba da shawara. In magariba ta yi a share gurabe da ƙafa kowa ya tashi. Abin da nake tsoro a na yanzu shi ne kowa shi kaɗai. Jikokina huɗu a ɗaki ɗaya, ba mai kallon wani.

Zango_Kumasi:
Hajiya, Allah ya ƙara girma. Amma wani lokacin wayar ce take haɗa mu. Ni ina Kumasi, yayata tana Tamale, ƙaninmu yana Jamus. Duk daren Lahadi sai mun buga Ludo King mu uku muna magana. Da ba don shi ba, sai mu yi wata ba mu ji muryar juna ba, don kiran gaisuwa minti uku ne ya ƙare, ludo kuwa sai mu yi awa.

Hajiya_Damagaram:
To wannan na yarda da shi ɗana. In da mutum a ɗaya gefen, ba ni da ta cewa.

Maman_Ilham:
Tambaya ga masu hokin. Na ga wani bidiyo 'yan wasa sun yar da sanduna suna naushin juna alƙalai na tsaye suna kallo. Haka yake a gem ɗin? In haka ne ba zan bar yaro kusa da shi ba.

Bazazzagi_a_Kanada:
Akwai shi Maman Ilham, ba zan ɓoye miki ba. A NHL hukuncinsa minti biyar a akwati ga kowannensu, kuma alƙalai kan jira sai an faɗi ko an gaji kafin su shiga. A gasar Olamfik da ta ƙasa da ƙasa korar mutum ake yi daga wasan. Su kansu 'yan Kanada suna ta jayayya a kai saboda raunin ƙwaƙwalwa, kuma ya ragu sosai a kan da. A gem ɗin ana iya kashe shi a saitin dokoki. Ni haka na yi wa nawa yaran.

Ɗan_Tudun_Wada:
Na dawo. Jiya an kawo wuta ƙarfe tara, na zaunar da ƙanina na sa masa maɓallan NHL 94 kamar yadda Injiniya ya ce. Ni Edmonton, shi Washington. Yana gabana da 3 da 2 saura minti ɗaya, sai na tuna abin da na ga kwamfuta tana yi, na cire golana na sa ɗan wasa na shida. Muka yi ta dannawa a gaban ragarsa, fak ya daki ƙarfe ya dawo, yana ihu ina ihu, har Umma ta leƙo ta ce lafiya. Saura sakan takwas ya ƙwace ya doka tun daga tsakiya cikin ragar da babu kowa. 4 da 2. Rabon da mu yi dariya tare haka na manta.

Maganar Hajiya da ta Ustaz sun zauna min. Na janye cewa duk wasan waya ɓata lokaci ne, Anti Nas. Amma har yanzu ina nan a kan cewa ni dai waɗancan shekaru ukun ban amfana ba, kuma na goge biyu daga wayata.

Nas_Mai_Aikin_Dare:
Kowa ya san inda takalminsa ke matsa masa, ƙanina. Ni nawa yana nan, gobe ma da safe zan buɗe shi a adaidaita.

Mai_Gidan_Gem:
Ɗan_Tudun_Wada, in kana kusa ka kawo kaset ɗin ranar Asabar bayan la'asar. Zan ware talabijin ɗaya na awa biyu kyauta, kai ka koya wa yara, mu ga ko za a samu ko mutum huɗu da za su nemi a sake sakawa. Injiniya, mutum nawa ne za su iya bugawa lokaci ɗaya a na'ura guda? Hannu huɗu gare ni masu lafiya, na biyar ɗin sandarsa ta dama tana ja gefe.